A Ina Mai Katifa Yake Kwana?

Mai Katifa yakan ce duk unguwar babu gidan da ba a kwana a kan aikin hannunsa sai gida ɗaya, wato nasa. Da basilla a bakinsa yake faɗa, kuma shi yake fara dariyar kafin kowa, don ya daɗe da gano cewa idan mutum ya riga jama'a yi wa kansa tsiya, abin da ya rage musu kaɗan ne.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum da auduga a kansa da girarsa, har ba a gane inda furfura ta tsaya da inda audugar ta soma. A hannun kawunsa ya koyi sana'ar tun bai fi tsayin teburin yanka yadi ba. Kawun mutum ne da ba ya yabo. Idan ka ɗinka katifa sai ya hau ya kwanta, ya juya dama, ya juya hagu, in ya tashi bai ce komai ba, to ka ci jarrabawa. Daga wurinsa Mai Katifa ya gaji yadda ake farke tsohuwar katifa a zazzage audugar a shanya, a buge ta da sanduna biyu har ta tashi ta yi laushi, a cusa ta cikin sabon yadi tun daga kusurwa, sannan a bi da basilla ana ƙulle ta layi-layi don kada ta gudu gefe guda. Ya kuma gaji wata kalma da kawun yake sallamar duk wani aikin da ba na kasuwa ba, ita ce gobe.

Katifar da ya fi alfahari da ita a duniya ita ce wadda ya ɗinka lokacin aurensa. Yadi mai ratsin shuɗi ya sa mata, ya zaɓi audugar da hannunsa, ya ƙulle ta ƙulli na gani na faɗa. A kanta suka soma zama da matarsa a ɗakin haya, da ita suka yi ƙaura har suka samu wannan gida mai shago a gaba. 'Ya'yansu huɗu duk sun yi tsalle a kanta, sun yi mata abin da yara suke yi wa katifa. Uku sun yi nisa da aure da aiki. Ta ƙarshen, wadda kowa ke kira Auta, ita ce ta zauna kusa, tana aikin jinya a ƙaramin asibitin unguwa, kuma da sunanta ake kiran iyayen: Baban Auta da Maman Auta.

Gidan yana da wani abu da ba kowane gida ke da shi ba. Tsakanin bayan shagon da tsakar gida akwai wata siririyar kwata ta siminti da ruwan sama ke bi, an ɗora mata katako ana takawa. Shekarar da aka raba jihar gida biyu, masu awo suka zo da sandunansu da igiyoyinsu, suka duba tsohuwar taswira, suka ce wannan kwatar ita ce iyaka. Shago ya faɗa jiha ɗaya, ɗakunan kwana da kicin suka faɗa ɗaya. Mutanen layin ba su wahalar da kansu da dogayen sunaye ba, suka riƙa cewa jihar gaba da jihar baya. Mai Katifa ya samu abin yi. Idan zai shiga cin abinci sai ya cewa maƙwabcinsa Mai Faci, wanda ke gyaran tayoyi a gefen shagon, “Ka duba min shago, zan yi tafiya zuwa wata jiha.” Idan ya dawo ya ce hanya ta yi kyau, ba a tare shi ba.

Da zaɓe kuwa, ba su taɓa jituwa ba. A bakin shago babu wanda ya kai shi sanin wanda zai ci da wanda zai faɗi, amma yatsansa bai taɓa ganin tawada ba. Zaɓen farko da ya yi wayo, 'yan watanni suka rage masa ya cika shekarun da doka ta ce. Na biyu ya same su sun yi sabuwar ƙaura, sunansa yana can inda suka baro. A na uku ya yi komai daidai, ya shiga layi tun da sassafe, saura mutum kaɗan a zo kansa sai hadari ya haɗo, ya tuna ya bar audugar mutane a shanye a waje. Ya fita da gudu, ya kwashe audugar, ruwan kuma bai sauka ba. Shi da kansa yake ba da labarin, ya ƙare da cewa, “Ni da akwatin zaɓe sai dai mu gaisa daga nesa.”

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma saɓanin Mai Katifa da matarsa ba a kan wani babban abu ya taso ba. Katifar auren ce ta tsufa. Audugar ta dunƙule, ta yi rami biyu, ɗaya a gefensa ɗaya a gefenta, da tudu a tsakiya. Maman Auta mace ce mai ƙarancin magana, doguwa, wadda idan ta faɗi abu sau ɗaya takan ɗauka an ji. Wannan kam ta faɗa ya fi a ƙirga. Kullum amsar ɗaya ce: gobe, in na gama ta gidan wane. Ta wane ta ƙare, ta wance ta shigo. Rannan da hantsi, yana zaune da Mai Faci da wasu masu kawo aiki, sai ga mai kura ya tsaya a ƙofar shagon da katifar soso ta kamfani, sabuwa fil a cikin ledarta, yana tambaya ko nan ne gidan Maman Auta. Ba wata hanyar shiga gidan sai ta cikin shagon. Haka aka ratsa da ita ta gaban teburinsa, ta gaban buhunan audugarsa, ledar tana ƙara, aka haye katakon da ita.

Mai Faci ya yi ƙoƙari ya riƙe dariya, ta ƙwace masa. Sauran suka taya shi. Mai Katifa, wanda ya shekara da shekaru yana gaya wa mutane cewa soso zafi gare shi, yana karya baya, kuma ba ya gyaruwa, ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa. Wanzami ba ya son jarfa. Ya miƙe ya tsaya a bakin kwatar, ya ɗaga murya yadda na gaba da na baya za su ji, ya ce muddin soson nan yana cikin gidan, shi ba zai sake kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya da shi ba, kuma kada wanda ya ƙara ambata masa sunan abin.

Magana zarar bunu ce. Ya ɗauka kwana biyu za a yi a zo a ba shi haƙuri. Ita kuma ta ɗauka kwana biyu zai yi sauro ya koro shi. Ba a zo ba, bai koma ba. Fushin kansa bai kai wata guda ba ya huce, sai dai ya bar rantsuwar a tsaye, ga kuma shaidu. Rayuwa ta gyara zama a kan haka. Da safe ya haye katako ya karya a barandar tsakar gida, su yi hirar yara da tsadar kaya, ta wanke masa tufafi, ya gyara mata famfo. Ɗakin ne dai ba ya shiga, ko labulen ba ya kallo. In ya rufe shago ya jawo duk katifar da ya gama a ranar ya kwanta a kai, ya ce gwaji yake yi irin na kawu. Sau biyu ko uku Auta ta fara cewa, “Baba, wai wannan soson fa,” ya ɗaga mata hannu, ta haɗiye sauran. Idan ya ga Maman Auta ta dafa ƙugu kafin ta miƙe daga kujera, sai ya ji wani daɗi marar kyau a ransa, ya ce a zuci, ai ga irinta nan, aikin kamfani ke nan.

Don ya nuna da gaske yake, da aka buɗe rajistar masu zaɓe a shekarar, ya je ya sa sunansa a jihar gaba. Ranar zaɓen ya fito da sabuwar riga, ya ga matarsa da matan layin sun nufi hagu suna hira, shi kuma rumfarsa tana dama, can bayan tasha, cikin mutanen da bai sani ba. Ya tsaya a bakin titi na ɗan lokaci, ya koma shago ya ce bayansa ke ciwo. Wannan labarin ba ya cikin waɗanda yake bayarwa.

Shekaru bakwai ko takwas suka wuce a haka, shi kansa ya daina lissafi. Sai ga Auta wata rana da la'asar, da fararen kayan aikinta, ta zauna a kan buhun auduga ta ce matan da ke zuwa asibiti sun matsa mata, za ta tsaya takarar kansila a mazaɓarsu ta jihar baya. Maganar rijiyar burtsatse ce da ta lalace, da kuma hanyar asibitin da mota ba ta iya shiga da damina.

“Ke ɗin?” in ji shi. “Ke da kike kuka in an yi miki tsawa?”

“Na daina, Baba. Masu naƙuda sun koya min.” Ta ɗauki wani ɗan curin auduga tana ja. “Ba kuɗi na zo nema ba, ba kuma yawon kamfen ba. Ƙuri'arka nake so. Ban taɓa ganin ka jefa wa kowa ba, ina so ta farko ta zama tawa. Amma sai ka mai da sunanka jihar baya. Ka je da wuri, an ce akwai sharuɗɗa.”

Abin ya taɓa shi ƙwarai, har ya juya baya yana neman almakashin da ke hannunsa. Ya ce mata ta ɗauka an gama, gobe zai je.

Goben ta yi ta haihuwa. Ya liƙa hoton Auta a ƙofar shago, ko da yake ƙofar tana jihar da ba za a zaɓe ta ba. Duk wanda ya kawo katifa sai ya sha bayani a kan rijiyar burtsatse. Ya ɗinka wa 'yan kwamitinta matasan kai kyauta don zaman taro. Makonni suka shige kafin ranar da Mai Faci ya gaji ya ce masa, “Baban kansila, ka mai da sunan kuwa?” Sannan ya karkaɗe audugar kansa, ya ɗauki katin shaidarsa, ya tafi.

A wani ajin makarantar firamare aka ajiye masu rajistar. Fankar sama ba ta juyawa, kujerun na yara ne, ya zauna gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ma'aikaciyar wata matashiya ce mai tabarau, da fara'a irin ta wanda ya amsa tambaya ɗaya sau ɗari tun safe. Ta karɓi katin, ta ce shekaru dai ba sai an tambaya ba, shaidar ɗan ƙasa ta yi. Da ta ga lambar gidan sai ta dakata.

“Baba, gidanku yana cikin waɗanda iyaka ta ratsa. Irin waɗannan gidajen, doka ta ce mutum mazaunin inda yake kwana ne. A wane ɓangare kake kwana?”

An yi masa tambayoyi da yawa a rayuwa, amma ba a taɓa yi masa wannan a gaban layin mutane ba. Ya yi gyaran murya ya ce, “To, 'yata, abinci dai a baya nake ci.”

“Ba a tambayi abinci ba, Baba.”

“Wanka ma a baya.”

“Kwana.”

“Wani lokaci aiki yakan yi yawa,” in ji shi, “sai mutum ya ɗan kishingiɗa a shago.”

“Tun yaushe aikin ya yi yawa?”

Wata tsohuwa a bayansa, wadda ya taɓa yi wa katifa, ta amsa masa kyauta: “Tun kafin ki gama makaranta, 'yar nan.”

Ma'aikaciyar ta danne murmushi, ta yi masa bayani dalla-dalla. Mai son a mai da sunansa sai ya kasance yana kwana a jihar wata shida cur kafin ranar zaɓe, kuma wani babba da ke zaune a gidan ya sa hannu ya rantse cewa haka ne.

Abin mamaki, farin ciki ne ya fara kama shi. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ga dalilin da ya shekara bakwai yana nema bai samu ba, hukuma ta miƙo masa a faranti. Zai haye katakon nan da ƙafarsa, in Mai Faci ya buɗe baki ya ce masa doka ce ta tilasta, don yarinya ya yi, ba don kowa ba. Har ya fara tsara yadda zai faɗa da fuskar wanda aka zalunta.

“To in na koma yau fa?” ya tambaya.

Ta dubi kalandar da ke bango, ta dube shi. “Zaɓe saura wata biyar da 'yan kwanaki, Baba. Da ka zo a watan jiya ka koma a lokacin, da ka shiga. Yanzu sai dai na gaba.”

A hanyar dawowa ya yi lissafin da bai so ba. Ranar da Auta ta zauna a kan buhun auduga, lokaci yana nan da sauransa. Goben ce ta cinye shi. Ya ce wa kansa, kai dai Allah ya yi ka gwani, mutum ya yi latti a zaɓen da ba a yi ba tukuna.

Hanya ɗaya ta rage, ita ce sa hannun. Ya tarar da Maman Auta a baranda tana tsince shinkafa a tire. Ya zauna ya yabi yanayin gari, ya tambayi lafiyar ƙanwarta, ya ce famfon ya daina ɗiga kuwa. Da ya ga zagaye-zagayen ba zai kai shi ba, ya ajiye takardar a gefen tiren.

“Hannu kawai za ki sa a nan. Cewa a nan nake kwana.”

Ba ta ɗago ba. “A nan kake kwana?”

“Ai gida ɗaya ne, Maman Auta. Taku nawa ne tsakani?”

“Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan tun shekarun nan.” Ta jefar da wata tsakuwa. “An ce rantsuwa ce. Ka san ban iya ba.”

“Don Auta ne fa.”

“Auta ta tsaya ne don ta gaji da masu cewa an yi abin da ba a yi ba. Sai mu fara mata da ƙuri'ar ƙarya daga gidan ubanta? Kuma wa za mu ruɗa? Layin nan kaf sun san munsharinka daga titi ake jin sa.”

Ya ɗauke takardarsa ya ninke. Ta ajiye tiren, ta dafa ƙugu da hannu biyu, ta miƙe a hankali ta shiga kicin. Wannan karon bai ji daɗin komai ba.

Shi ya gaya wa Auta da bakinsa, don kada ta ji a wani wuri. Ya so ya mai da abin wasa, ya ce mata ubanta ya kafa tarihi, an hana shi zaɓe tun saura wata biyar a yi shi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Ba komai, Baba,” da irin muryar da take yi wa marasa lafiya, ta gyara masa hoton da ya fara ɓanɓarewa a ƙofa, ta tafi. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

Ya zauna a bakin shago yana kallon titi. Mai Faci yana tsoma tiyub a bahon ruwa yana neman inda ke tsiyaya, ya ce ba tare da ya dube shi ba, “Biyu babu ke nan. Ba ƙuri'a, ba dalilin komawa.”

“Wa ya ce maka ina neman dalili?”

“Fuskarka, ranar da ka tafi rajista.” Ya ɗaga tiyub ɗin ya sa masa alama. “Ni ne na yi dariya ranar nan, na sani. To na janye. In shaidu kake jin kunya, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bar gari, saura ni, ni kuma mantuwa ta fara kama ni.”

“Girman kai rawanin tsiya,” in ji Mai Katifa. “Nawa ma har da jela.”

Washegari bai karɓi aikin kowa ba. Ya sauko da yadi mai ratsin shuɗi da ya ɓoye a saman kanta tun ba a san ranar amfaninsa ba, ya buɗe buhun audugar da ya fi kowanne kyau, ya shanya, ya buga har hannuwansa suka yi tsami. Bai san me zai ce game da soson ba. Ya yanke shawara in ta ce a ɗora tasa a kan soson, za a ɗora. In ta ce a shimfiɗa a ƙasa, a ƙasa zai kwana, ƙarƙashin rufi ɗaya da abokin gabarsa. Doka ba ta tilasta shi ba, ba zai ƙara wa Auta ko ƙuri'a ɗaya ba, kuma ba shi da abin da zai gaya wa mutane sai gaskiya, wato yana so ya koma gida.

Da la'asar ta kwana na uku ya ƙulle ƙulli na ƙarshe. Bai hau ya gwada ba. Ya naɗe katifar ya ɗora a kai, ya doshi ƙofar baya. Katakon ya yi ƙara a ƙarƙashinsa. Mai Faci ya ga komai, ya sunkuyar da kai cikin bahonsa kamar an ce masa akwai zinariya a ciki.

Maman Auta tana kwashe shanya. Ta tsaya da zane a hannu.

“Dawowar nan ba za ta ƙirgu a wannan zaɓen ba fa,” in ji ta. “An ce wata shida.”

“Na sani. Akwai wani zaɓen bayan shekara huɗu, gara in fara da wuri. Kin san ni da latti.”

Ta dube shi na ɗan lokaci, ta rataya zanen a kafaɗa, ta je ta ɗage labulen. “Ka shigo da ita a karkace, ƙofar ba ta da faɗi.”

Ya shiga a karkace. Ɗakin yana nan yadda ya san shi, da madubin da ya tsage a kusurwa da akwatunanta a jere. Ya sauke kayansa, ya juya ya fuskanci gadon, ya shirya ganin soso.

Babu soso. Tsohuwar katifar ce a kan gadon, ratsin shuɗin ya koɗe ya koma fari-fari, an yi mata faci a wurare da ɗinkin da ba na gwani ba. Ga tudun a tsakiya. Ramin gefenta ya zurfafa har ana iya ganin shatar katakon gadon a ƙasansa. Ramin gefensa yana nan daidai yadda ya bar shi.

“Ina abin?” ya tambaya, don har yanzu bakinsa bai iya kiran sunan ba.

“Soson? Sati ɗaya ya yi. Zafi gare shi kamar yadda ka ce. Kana kasuwar auduga na sa aka kai wa ƙanwata.”

“Shi ne ba wanda ya gaya min?”

“Ka ce kada a ambata maka. Auta ta gwada.”

Ya tuna hannun da yake ɗaga wa yarinyar. Ya tuna duk ranar da ya ga matar nan ta dafa ƙugu ya ji daɗi, yana ɗora wa kamfani laifin aikin da shi ne bai yi ba. Kunya ta rufe shi, da wani baƙin ciki da ba shi da wanda zai kai wa ƙara. Ya nemi abin dariyar da zai faɗa ya riga kowa, karon farko a rayuwarsa bai samu ba.

“Me ya sa ba ki kai wa wani ya gyara ba?” ya ce a hankali.

“Ka ce gobe za ka gyara,” in ji ta. “Jira nake.”

Ya jingine sabuwar katifar da bango. Ya cire zanen gadon ya ninke, ya kama tsohuwar ta kusurwa biyu ya jawo ta waje, inda sauran rana take a tsakar gida. Ya durƙusa, ya laluba aljihu ya zaro almakashi da basilla, ya nemo bakin ɗinkin da ya yi da hannunsa tun yana saurayi.

Maman Auta ta jawo kujera ta zauna kusa, ta ce ranar zaɓe za ta danna yatsa da ƙarfi yadda zai ishe su su biyu. Sannan ta nuna masa da ƙafa.

“Ta gefena za ka fara,” in ji ta. “Can ya fi ciwo.”